Alkyabbar Roosevelt, Daga Yalta Zuwa Washington

Tufafin da ake yafawa a kafaɗa ba tare da an zura hannu ba iri biyu ne. Akwai gajeren mayafin kafaɗa, wanda ake ɗaurewa a wuya, ya sauka ta baya zuwa gwiwar hannu ko ƙugu, gabansa a buɗe, kuma yawanci don ado ake sa shi. Akwai kuma alkyabba, wadda ke sauka har ƙasan gwiwa ko idon sawu, ta haɗu ta gaba ta lulluɓe mutum baki ɗaya, sau da yawa tana da ƙoƙuwar da ake ja a rufe kai. Tun zamanin Rumawa matafiya da mayaƙa suke kare sanyi da ita da rana, su lulluɓa da ita da dare, kuma tun a can manyan kwamandoji suka saba yafa ja.

Ƙasar Hausa ta karɓi alkyabba daga Arewacin Afirka, ta hannun ayarin da ke ratsa Sahara daga Tarabulus da Gadamas. Da Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, cikin gaisuwar da ya miƙa wa Sarki Usman akwai baƙar alkyabba mai adon siliki da zaren zinariya, domin ya fahimci cewa ba a zuwa fada da abin da bai kai ba. A Daular Sakkwato, alkyabba da rawani su ne shaidar naɗi, kuma har yau haka abin yake. Wanda ya taɓa tsayawa kusa a ranar hawan Sallah ya ga yadda dogarai ke baza manyan rigunansu su kare sarki a lokacin da zai hau doki ko zai sauka, don kada idon jama'a ya gan shi cikin halin da bai dace da sarauta ba. Wannan ɗabi'a ta suturta shugaba ba mu kaɗai muka san ta ba.

A Turai da Amurka, alkyabba ta fara ja da baya a ƙarni na 19, lokacin da babban kwat mai hannu ya maye gurbinta, sai dai hafsoshin sojan ruwa sun riƙe tasu, ta ulu shuɗi mai duhu da wuyan karammiski, wadda suke yafawa idan za su shiga ƙaramin jirgi. Franklin Roosevelt ya yi aiki a Washington a matsayin mataimakin sakataren ma'aikatar sojan ruwa daga 1913 zuwa 1920, kuma ƙaunar ruwa da jirage ba ta taɓa barinsa ba. A watan Agustan 1921, yana ɗan shekara 39, ciwon da likitoci suka ce shan inna ne ya kama shi a tsibirin Campobello, ƙafafunsa suka shanye har ƙarshen rayuwarsa. Bayan ya hau mulkin Amurka a 1933, sai alkyabbar sojan ruwa ta zame masa abin dogaro, domin mutumin da ake ɗauka a sa a mota, a kuma ɗauko shi a sauke, ya fi samun sauƙi da tufar da ba ta da hannu. Ta kuma yi masa wani aikin na daban, wato rufe ƙafafu da ƙarafan da ke tallafe su, a zamanin da 'yan jarida suka kau da kai daga ɗaukar hotonsa a keken guragu.

Da ita ya zauna tsakanin Churchill na Birtaniya da Stalin na Tarayyar Sobiyat a taron Yalta na watan Fabrairun 1945, jikinsa ya riga ya rame. Ranar 14 ga wannan wata, a kan jirgin yaƙi Quincy a mashigin Suez, ya gana da Sarki Abdul'aziz na Saudiyya, kowanne yafe da alkyabbar ƙasarsa. Sarkin ma tafiya na ba shi wuya saboda raunukan yaƙi, sai Roosevelt ya ba shi ɗaya daga cikin kekunansa kyauta. Wata biyu bayan haka, ranar 12 ga Afrilu, Roosevelt ya rasu.

Shekaru 52 suka shuɗe kafin Shugaba Bill Clinton ya buɗe dandalin tunawa da shi a bakin tafkin Tidal Basin na Washington, ranar 2 ga Mayun 1997. Mutum-mutumin tagulla da Neil Estern ya ƙera ya nuna shi zaune, karensa Fala a gefe, alkyabba ta zubo ta rufe kujerar, in ban da 'yan ƙananan tayoyi da sai an leƙa ta baya ake ganinsu. Nan gardama ta tashi. Masu kare aikin suka ce haka marigayin ya so a gan shi, kuma mutunta zaɓinsa wajibi ne. Ƙungiyoyin naƙasassu suka ce abin da ya ɓoye don tsoron ƙyamar mutanen zamaninsa bai kamata a ci gaba da ɓoye shi ga jikoki ba, domin yaron da ke kan keke yana da haƙƙin sanin cewa irinsa ya mulki Amurka shekara 12.

A ganina hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi, tun da mai rai ake karewa daga idon maƙiyi, shi kuwa tarihi cikakke ake son sa. Majalisar dokoki ta amince da ƙari, aka tara kuɗi daga hannun jama'a, sannan a watan Janairun 2001 Clinton ya koma ya buɗe mutum-mutumi na biyu, aikin Robert Graham, a ƙofar shiga dandalin. A nan Roosevelt yana zaune kan irin keken da aka haɗa masa da kujerar kicin, tayoyin a fili, kuma shi mai ziyara ke fara tararwa kafin ya isa ga na farkon.