Tiyatar Kwatangwalo ta Gaba: Tsohuwar Hanya da Hatsarinta

A ƙasar Daura, wanda kwatangwalonsa ya lalace, ko don tsufa ko don amosanin jini da ke kashe kan ƙashin cinya, yakan fara zuwa wurin mai ɗori kafin a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Idan maganar sauya gaɓar ta taso, wasu iyalai kan nemi a yanka ta gaban cinya, don sun ji an ce sabuwar fasaha ce.

Alhali hanyar ta haura shekara ɗari. Likitan Jamus Carl Hueter ne ya bayyana ta a 1881, Smith-Petersen ya faɗaɗa ta a Amurka a 1917, sannan Robert Judet ya bi ta a Faransa a 1947 ya dasa kan ƙashi na roba mai tauri. Falalarta ita ce likita yana ratsawa tsakanin tsokoki bai yanke su ba, majiyyaci kuma yakan miƙe da wuri.

Sai dai jijiyar da ke ba fatar gefen cinya ji tana dab da wurin yankan. In ta taɓu, wurin kan mutu ko ya yi ta zugi watanni. Ƙashin cinya na iya tsagewa yayin cusa ƙarfen, musamman ga mai amosanin jini. Mai ƙiba kuwa, raunin kan faɗa ƙarƙashin ninkin tumbi, ya yi jinkirin warkewa. Tsagewar ƙashi ta fi aukuwa a hannun likitan da bai saba da hanyar ba, don haka kafin a sa hannu a takarda, a tambaye shi sau nawa ya bi ta.