Karan Hanci: Daga Azurfar Arfaja Zuwa Allurar Fila

Mai karatu, ɗora yatsanka a tsakanin idanunka biyu, ka gangaro da shi a hankali. Wurin da ka fara taɓawa mai tauri ƙashi ne. Kafin ka kai rabin hanya za ka ji ya fara lanƙwasuwa, to nan guringuntsi ya karɓa. Waɗannan biyun su ne karan hanci, kuma su masu tiyatar kwalliya ke ƙoƙarin ɗagawa idan mutum ya ce hancinsa ya kwanta da yawa.

Mu Hausawa mun daɗe da son dogon hanci. In ana yabon kyau sai ka ji an ce "hanci har baka". Kakanni kuma wajen wankan jariri sukan gasa hancin da ruwan ɗumi su riƙa ja, wai don ya miƙe. Yanzu ga talla ta cika TikTok da Instagram: allura ɗaya, 'yan mintuna, ka tashi da karan hanci. Kafin ka saurari masu tallar, ya kamata ka san cewa an daɗe ana neman abin da za a cusa ƙarƙashin fatar hanci jiki ya karɓa, kuma mafi yawan abin da aka gwada jiki ya tofar da shi.

Su wa suka fara neman gyaran hanci?

Idan kana Magama, bakin iyakar Jibiya, amsar ba ta da nisa da kai. Ka tsallaka ka wuce Ɗan Isa, kafin ka shiga Maraɗi akwai Danja, ta Nijar fa, ba Ɗanja ta jihar Katsina ba. A can 'yan mishan na SIM suka buɗe asibitin kutare a 1956. Ka juyo ta Katsina kuwa akwai Babbar Ruga, wadda yau aka fi sani da aikin yoyon fitsari, amma tun shekarun 1930 wurin jinyar kutare ce.

Me ya haɗa kuturta da hanci? Ƙwayar cutar, wadda likita Armauer Hansen ɗan ƙasar Nowe ya gano a 1873, ta fi son sassan jiki masu sanyi, kuma cikin hanci iska na ratsa shi dare da rana. Sai ta cinye guringuntsin tsakiya da ya raba ƙofofin hanci biyu. Wannan guringuntsi shi ne dirkar ɗakin. Da ya tafi, rufin ya rufta, hanci ya lotsa a tsakiya kamar sirdi. A Turai tunjere ce ke yin wannan ɓarna kafin a samu maganin fenisilin. A Indiya kuwa yanke hanci hukunci ne da ake yi wa mai laifi ko fursunan yaƙi. Ka ga ke nan waɗanda suka fara neman aikin nan mutane ne da fuskarsu ke tona musu asiri a kasuwa, ana gudunsu, ana hana su aure.

Ƙarfe da fata

Akwai labarin da ɗaliban hadisi suka sani, yana cikin Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙin Kulab, zamanin jahiliyya. Ya sa aka ƙera masa na azurfa, sai ya riƙa wari. Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya yi na zinare. A ilimin sinadarai dalilin a fili yake: azurfa na haɗuwa da sinadarin farar wuta da ke cikin gumi da ruwan ciwo ta yi baƙi, zinare kuwa kusan ba ya haɗuwa da komai. Riƙe wannan tambaya, don ita ce za ta yi ta dawowa: da me aka yi abin, kuma yaya zai yi da ruwan jiki?

Indiyawa sun bi wata hanya. Littafin likitancin Sushruta, wanda asalinsa ya girmi haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana yadda ake auna hanci da ganye, a yanko fata daidai girmansa daga kunci ba tare da an raba ta da jiki gaba ɗaya ba, a juyo ta a ɗinke, a sa bututu biyu don numfashi. Hikimar tana wajen barin gefe ɗaya a manne, domin ta nan jini ke ci gaba da ciyar da fatar har ta kama. Daga baya suka koma ɗaukar fatar goshi.

A Italiya, Gaspare Tagliacozzi na jami'ar Bolonya ya wallafa littafi a 1597 kan yin hanci da fatar damtse. Ana ɗaure hannun mutum a kansa kusan mako uku har fatar ta kama. Sai a watan Oktoba na 1794 wata mujalla a Landan ta buga labarin Cowasjee, mai koran shanun kaya na sojan Ingila, wanda mutanen Sarki Tipu suka yanke wa hanci, wani mai sana'ar gargajiya kusa da Pune ya yi masa sabo da fatar goshi. Likita Joseph Carpue ya karanta, ya yi ta gwaji a kan gawa, ya yi wa mai rai a 1814. Haka dabarar Indiya ta shiga asibitocin Turai.

Neman dirka

Fata kaɗai ba ta tsayuwa, tana buƙatar abin da zai tokare ta. Nan aka shiga gwaje-gwaje, wasu ma in ka ji sai ka riƙe baki.

A 1892 Robert Weir na birnin New York ya ba da rahoton yadda ya dasa ƙashin ƙirjin agwagwa a hancin wani mai tunjere. Bayan 'yan makonni jiki ya turo shi waje. A 1899 Robert Gersuny na Biyana ya fara yi wa mutane allurar man farafin, dangin kakin kyandir, don cike gurbi a jiki. Nan da nan aka kama amfani da ita wajen ɗaga hanci, saboda ba yanka, ba jinya, kuma a take ake ganin sakamako. Sai bayan watanni ko shekaru kakin ya fara yawo a ƙarƙashin fata, jiki ya kewaye shi da ƙulluttai masu tauri waɗanda ba sa cirewa sai an yanko har da nama. Gladys Deacon, 'yar asalin Amurka da ake ƙirgawa cikin kyawawan matan Turai, ta yi wannan allura a karan hanci a farkon shekarun 1900. Kakin ya zame ya taru a haɓarta, ya ɓata fuskar da ta je gyarawa.

Jacques Joseph na Balin, wanda ake ɗauka uban tiyatar kwalliyar hanci ta zamani, ya yi amfani da hauren giwa. Wasu sun gwada roba, wasu ƙarfe. A kusan dukkansu matsalar ɗaya ce: baƙon abu ba shi da jijiyar jini, don haka in ƙwayar cuta ta maƙale a jikinsa garkuwar jiki ba ta iya kai mata, kuma fatar karan hanci siririya ce, ba ta jure abu mai tauri yana danna ta daga ciki.

Waɗanda suka dace su ne suka ɗauko daga jikin mutumin. James Israel a 1896 ya yi amfani da ƙashin ƙwauri. Friedrich von Mangoldt a 1900 ya ɗauko guringuntsin haƙarƙari. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo dubban sojoji da fuskoki a farfashe, kuma a asibitin Sidcup da aka buɗe a Ingila a 1917 Harold Gillies ya ƙware wajen haɗa fatar goshi da guringuntsin haƙarƙari. Bayan fiye da shekara ɗari, har yanzu a kan wannan tushe ake.

Abin da ake da shi yau

Hanyoyin ɗaga karan hanci a yanzu kusan uku ne.

Ta farko, guringuntsinka. Ana ɗaukowa daga tsakiyar hanci, ko bayan kunne, ko haƙarƙari in ana son da yawa. Jiki ba ya ƙinsa tunda nasa ne. Amma yanka biyu ne, na haƙarƙari yakan lanƙwashe daga baya, shi ya sa wasu likitoci ke daddatsa shi ƙanana su naɗe a cikin tantanin da ke lulluɓe da tsokar gefen kai. Mu masu baƙar fata kuma akwai ƙarin lissafi, domin mun fi saurin yin tabon nan mai tsiro da ake kira kiloyid, kuma kunne da ƙirji na cikin wuraren da ya fi so.

Ta biyu, dashen roba: silikon, ko Gore-Tex da aka ƙirƙiro a 1969. An fi yin wannan a gabashin Asiya, irin su Koriya ta Kudu. Aikin ya fi sauri, amma tsohuwar matsalar agwagwar Weir ba ta mutu ba. Dashen na iya karkacewa, ko ya ruɓe da ƙwayar cuta, ko ya huda fata ya leƙo, wani lokaci bayan shekaru.

Ta uku, allurar fila, ita ce ake tallatawa a waya. Mafi yawanci sinadarin hayaluronik ne, wanda dama akwai irinsa a jiki, yana narkewa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma akwai allurar da ke narkar da shi in an samu matsala. Ta nan ya fi farafin nesa ba kusa ba. Sai dai Bahaushe ya ce abin da ya taɓa hanci ido ke ruwa, kuma a nan maganar ta zama ilimin jiki. Jijiyar jinin da ke ciyar da saman hanci reshe ce ta jijiyar da ke ciyar da ido. In bakin allura ya faɗa cikinta, matsin sirinji na iya tura filar baya, ta je ta toshe jinin da ke zuwa tantanin gani. Cikin mintuna ido ya mutu, kuma da wuya ya dawo. Wani nazari da aka wallafa a 2015 ya tattara rahotannin mutum 98 da suka samu matsalar gani bayan fila. Da aka sabunta shi a 2019 an samu ƙarin 48, fiye da rabinsu a hanci aka yi musu. Abin ba ya yawan faruwa, har a hannun ƙwararru yakan faru, balle a shagon kwalliya inda ba ka san abin da ke cikin sirinjin ba. In ruwan silikon ne ko wani mai, to ka koma 1899, babu abin da zai narkar da shi.

Inda aikin ke da gaggawa a ƙasarmu

A Sakkwato akwai asibitin cutar noma, wadda ake kira zaizayar baki, an kafa shi a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014. Cutar na kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu tamowa. Tana farawa da kumburin dasashi, cikin kwanaki ta ci kunci da leɓe da hanci. In ba magani, tana kashe kusan tara cikin goma. In an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsaftar baki sun isa. A Damagaram ma ƙungiyar Sentinelles na wannan aiki. Nijeriya ce ta jagoranci neman Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin cututtukan da aka yi watsi da su, aka amince a Disamba 2023. Waɗanda suka rayu, dabarar juyo fata da jijiyarta, irin ta Sushruta da Gillies, da ita ake sake gina musu fuska, kuma kyauta ake yi.

Shi kuwa kwantaccen hanci mai faɗi da aka haife ka da shi ba ciwo ba ne. Binciken da masana a jami'ar jihar Pennsylvania suka wallafa a 2017 ya nuna faɗin ƙofar hanci na da alaƙa da zafi da laimar ƙasar da kakannin mutum suka zauna. Siririn hanci na taimakawa wajen ɗumama iska mai sanyi kafin ta isa huhu, abin da mutumin ƙasar zafi bai cika buƙata ba. Jan hancin jariri ma ba ya canza komai. Kowane jariri da kwantaccen kara ake haihuwarsa, hancin kuma yana ci gaba da girma har wajen shekara 16, shi ya sa likitoci ba sa yin na kwalliya kafin nan.

In hatsarin babur ya lotsa maka hanci, ko numfashi na yi maka wuya, je ka ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, akwai su a asibitin koyarwa na Aminu Kano da na Shika. In kwalliya ce kake so, ka tabbata mai yin aikin likita ne mai rajista da hukumar MDCN, sannan ka tambaye shi abu uku: me za ka sa mini, in ya ɓaci ana iya cire shi, kuma wa zai duba ni in gani ya ɗauke? Wanda ya kasa amsa maka waɗannan, kada ka ba shi fuskarka, kar garin neman gira a rasa ido.