Gasket Ta Ƙone: Tarihin Samarin Da Suka Buɗe Inji A Ƙofar Gida



Da wuya mu rubuta littafi babu mota a ciki. Jarumi zai fito da ita tana sheƙi, ya je zance, ya dawo. Ranar da muke son ya makara sai mu ce motar ta lalace a hanya, mu wuce. Me ya lalace? Shiru. Alhali kusan kowannenmu ya taɓa tsayawa a gefen titi, direba ya ɗaga bonet, tururi na tashi, bakanike ya leƙa ya girgiza kai ya ce gasket ta ƙone. Yau wannan ɗan fallen za mu bi, kuma zai kai mu har hamadar Kalifoniya a Amurka.

Inji gida biyu ne. Akwai bulok, inda fistin ke hawa da sauka, akwai kuma kan inji da kanikawa ke ce wa top, wanda ke rufe shi ta sama. Gasket a tsakaninsu take kwance, sirara, duk huji. Aikinta ta raba abubuwa uku da ba su ga maciji da juna: wutar fetur, ruwan lagireto, da man inji. Idan ta gaza sai salansa ta riƙa fitar da farin hayaƙi, mai ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya riƙa ƙarewa ba tare da an ga inda yake zuba ba.

A shekarar 1932 Henry Ford ya fito da inji mai silinda takwas, huɗu a kowane gefe, a motar da talaka zai iya saye. Kafin nan irin wannan inji na masu kuɗi ne, a motoci irin su Cadillac. Na Ford lita 3.6 ne, mai ƙarfin doki 65. Abin da ya sa ya shiga tarihi shi ne sauƙinsa. Bawul ɗinsa duk a cikin bulok suke, don haka kan injin ba komai ba ne illa faffaɗan ƙarfe mai ramin fulogi da hanyar ruwa. Duk mai sifana zai iya kwance noti 21, ya ɗage shi, ya ga fistin ido da ido. Kai biyu ne, gasket ma biyu. Amma yana da ciwo na haihuwa: hanyar hayaƙinsa ta ratsa ta cikin bulok kusa da ruwa, shi ya sa yake saurin ɗaukar zafi.

Lokacin tattalin arzikin Amurka a karye yake tun 1929, tsofaffin motoci sun yi araha. Samarin Los Angeles sai su sayi tsohuwar Ford, su cire madigadi da gilashi da duk abin da ke ƙara nauyi, su nufi Muroc, wani busasshen tafki a hamadar Mojave mai shimfiɗe kamar faranti, su gwada gudu. A 1937 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa SCTA domin a riƙa auna gudu da agogo maimakon musu.

A nan ne gasket ta shigo labarin. Ƙarfin inji yana da nasaba da yadda fistin ke matse cakuɗen iska da fetur kafin fulogi ya ba shi wuta. Injin 1932 yana matsewa ninki biyar da rabi ne kawai. Hanya mafi araha ta ƙara matsi ita ce a cire kan inji, a kai wa mai injin kankara ya rage masa kauri kaɗan, ɗakin wuta ya ƙanƙance. Sai dai garin neman gira ana rasa ido. A wannan injin, iska sai ta bi ta wani ɗan lungu daga bawul kafin ta faɗa silinda. In aka kankare da yawa lungun ya matse, inji ya kasa numfashi, matsi ya ƙaru amma gudu ya ragu. Da hannunsu suka gano haka, suka koma goge saman bulok tsakanin bawul da silinda don buɗe hanyar. Wasu suka sa kan inji na alminiyom, wanda ke saurin fitar da zafi. Shi ma da nasa: alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen bulok, don haka kullum inji ya yi zafi ya huce, ana gurzar gasket. Ta wancan zamani jan ƙarfe ce da asbestos a tsakiya, tana lotsewa, dole bayan inji ya yi aiki a dawo a sake ɗaure notin, daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo. Wanda ya yi gaggawa a hamada yake kwana.

Cikinsu akwai wani bakanike mai gareji, Vic Edelbrock. A 1938 ya sayi Ford ƙirar 1932, ya ƙera mata mazaunin kafireto biyu, kuma a 1941 ya haura mil 121 a awa, wato kusan kilomita 195. Daga nan yaƙin duniya ya kwashe samarin. Soja suka karɓe Muroc, wurin da ake kira sansanin Edwards a yau, kuma a sararin samaniyarsa Chuck Yeager ya zarce gudun sauti a 1947. Waɗanda suka dawo daga yaƙi sun dawo da ilimin walda da gyaran jirgin sama, da ɗan kuɗi a aljihu. Tsere ya koma El Mirage, sannan filin gishiri na Bonneville a jihar Utah daga 1949.

Wannan gaɓar mu ta fi shafa. Har zuwa lokacin, ilimin a baki yake, daga gareji zuwa gareji. A watan Janairun 1948 Robert Petersen, ɗan shekara 21, ya fito da mujallar Hot Rod. Ba adabi ya rubuta ba, hotuna ne da bayanin yadda ake yi. Amma yaron da ke wata jiha mai nisa, wanda bai taɓa ganin hamada ba, ya iya karantawa ya buɗe injin babansa a ƙofar gida, ya yi odar kayan Edelbrock ta gidan waya. A ganinmu mujallar ce ta mayar da wasan unguwa sana'a, fiye da kowane inji. Jaridu kuwa kallon 'yan iska suke musu, kuma da dalili, domin tseren kan titi ya ci rayuka. Editan mujallar, Wally Parks, shi ya kafa NHRA a 1951 don a kwashe tseren daga titi zuwa fili mai doka.

Ford ya daina sa wannan inji a motocinsa na Amurka bayan 1953. A 1955 Chevrolet ya fito da nasa mai bawul a kai, samari suka koma can. Gasket ma ta canza. An bar asbestos saboda illarsa ga huhu, kuma daga shekarun 1990 wadda aka yi da siraran fallayen ƙarfe biyu zuwa biyar ta yaɗu. Ta fi jure matsi, har da na turbo, amma ba ta yafiya: fuskar bulok da ta kai sai sun yi sumul, ba ta cike gurbi kamar tsohuwar. Kusoshin injuna da yawa na yanzu kuma an ƙera su ne su ɗan miƙe idan an ɗaure, sau ɗaya ake amfani da su. Wanda ya mayar da tsofaffi don tsimi, wata biyu ya dawo da farin hayaƙi. Ga kuma kwamfuta da ke riƙe da fetur da wuta, wadda sifana ba ta buɗewa. Rigimar wa ke da ikon gyara motarsa ta kai har akwatin zaɓe: a 2012 mutanen jihar Massachusetts suka jefa ƙuri'ar tilasta wa kamfanoni su ba masu mota da ƙananan garejoji bayanan gyara.

SCTA na nan har yau, tana auna gudu a El Mirage da Bonneville, kuma a cikin dokokinta akwai rukuni na musamman da aka ware wa wancan tsohon injin Ford mai faffaɗan kai.