Daga Dakare Zuwa Dakaru: Yadda Na Ƙasa Ya Gaji Mahayi

Wanda ya tashi a Kawo ko Unguwar Kanawa ya san soja tun yana goye, domin nan ne mazaunin Runduna ta Ɗaya da tsohuwar harabar NDA, makarantar hafsoshi da aka buɗe a 1964. In ka ɗauki hanyar Zariya kuma, sai Jaji, inda ake horar da mayaƙan ƙafa, waɗanda Turawa ke kira infantry. Suna ne mai kwarjini yau, amma da raini ya fara.

Tushensa Latin ne, infans, jaririn da bakinsa bai buɗe ba. A Italiya kalmar ta koma infante, yaron da ke bin ubangidansa mahayi a ƙasa. Ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16.

Mu ma haka muka raba fagen fama. Barde na bisa ingarma, cikin sulke ko lifidi, shi maroƙa ke wa kirari. Dakare na ƙasa da baka da kwari, ko takobi da garkuwa, yana shan ƙurar kofato. Ranar 15 ga Maris 1903, a bakin ganuwar Sakkwato, lissafin ya juye: sojan ƙafa na Turawa, da yawansu Hausawa, suka tsaya sahu da bindiga mai ruwa, dawakai suka kasa isa gare su.

Da Gwamna Lugard ya taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin ya girma a gindin bariki. Bakin Bahaushe ya lanƙwasa kalmomin fareti: soja, kofur, saje, samanja, bataliya. Amma infantry ba ta samu masauki ba, don mai ɗaki, wato dakare, yana nan.

Saurari labaran Rediyon Kaduna: dakarun sama, dakarun ruwa, dakarun wanzar da zaman lafiya. Sunan wanda ya taka ƙaya ya lulluɓe rundunar gaba ɗaya, barde kuwa sai hawan sallah. Wannan gado ya dace, domin ko jirgi ya yi luguden wuta a daji, ƙauye ba ya komawa hannun masu shi sai dakare ya taka shi da ƙafarsa.