Gasar Lissafi ta Duniya da 'Yan Matan Tehran

Bayan juyin juya halin 1979 da yaƙin shekara takwas da Iraƙi wanda ya ƙare a 1988, Iran ta zama saniyar ware a wurin ƙasashen Yamma, kuma cikin 'yan ƙofofin da suka rage mata a buɗe akwai gasar lissafi ta duniya da ake kira Olimfiyad, inda kowace ƙasa take tura ɗaliban sakandare shida su warware tambayoyi shida cikin kwana biyu, kowace tambaya da maki bakwai. Hukuma ta farfaɗo da makarantun yara masu hazaƙa, ta tsananta horo, har tawagar ƙasar ta zo ta ɗaya a 1998 a Taiwan.

Sai dai wannan horo da farko rabon maza ne. A makarantar 'yan mata ta Farzanegan da ke Tehran, ɗalibai biyu, Maryam Mirzakhani da ƙawarta Roya Beheshti, suka tunkari shugabar makarantar da roƙon a buɗe musu ajin warware tambayoyin gasa irin na makarantar maza, ita kuwa ta tsaya tsayin daka har aka buɗe, duk da cewa ba a taɓa sa mace a tawagar ba. Maryam ɗin nan, wadda burinta na yarinta rubuta littattafai ne, ta taɓa sanyin gwiwa da lissafi saboda an nuna mata ba ta da baiwarsa, sai da ta samu mai koyarwa da ya yaba ƙoƙarinta a shekara ta gaba sannan ta ji daɗinsa. A gasar Olimfiyad ta 1994 a Hong Kong ta ci zinariya da maki 41 cikin 42, Roya ta ci azurfa, a 1995 kuma a Toronto ta cinye makin duka.

Martabar da hukuma ta nema ta samu, amma rabi da rabi, domin Maryam da Roya duka Amurka suka koma da aiki. Maryam tana farfesa a Jami'ar Stanford ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Fields, mafi daraja a fannin, a 2014, ta rasu a 2017. A 2018, bisa shawarar matan ƙungiyar masana lissafi ta Iran, wani taro a Rio de Janeiro ya tsayar da ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, a matsayin ranar bikin mata masana lissafi.