Daga Wuri Zuwa Naira da Sefa: Yadda Kuɗin Ƙasar Hausa Ya Rabu Biyu

Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703-1731) ne wuri ya shigo ƙasar Hausa. Kafin ƙarni na 19 ya yi nisa, da shi ake ciniki tun daga Damagaram har Gwanja, ba tare da fatake sun nemi ɗan canji a hanya ba. Sa'ad da Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dala guda ta azurfa. Aibin wuri shi ne nauyi da wuyar ƙirga, domin keso ɗaya, wato wuri 20,000, kayan ƙato ne sosai.

Zuwan Turawa ne ya raba wannan kuɗi. Ingilishi suka hana shigo da wuri a 1904, sa'an nan a 1912 suka kafa hukumar kuɗi guda domin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Sulen da aka karɓa a Kano shi ake kashewa a Kumasi, amma ba shi ne kuɗin gwamnati a Maraɗi ba, duk da kusancinta da Katsina. Can faran ne ke aiki, wanda ya zama sefa a 1945.

Abin lura shi ne yadda samun mulkin kai ya kai ɓangarorin biyu hanya daban-daban. Ƙasashen Ingilishi suka watse: Gana ta buga nata kuɗin a 1958, Nijeriya a 1959, kafin naira ta maye gurbin fam a 1973. Nijar kuwa ta zauna cikin tarayyar sefa, ta sami kuɗi mai tsayayyar daraja, amma da aka zaftare rabin darajarsa a 1994 ba a Yamai kaɗai aka yanke shawarar ba.

Harshe bai bar tsohon lissafi ba. Rabin kwabo an kira shi ɗari ne saboda wuri 100 da ake musanya shi da su. Bahaushen Nijar har yau da dala yake ƙirga, wato sefa 5, jika kuwa sefa 1,000 ce, alhali a Kano jaka fam 100 ce, ta koma naira 200. Kuɗin bai ɗaya na eko da ƙungiyar ECOWAS ta tsara an sha ɗage ranar fitowarsa, 'yan canji kuma suna nan a Jibiya da Illela suna musayar naira da sefa.