Asalin Saƙar Kibiya da 'Yan Dabbobin Ulu

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin mai jego cikin hunturu ya san kayan nan: 'yar hula mai tuntu, da safa wadda ba ta fi tsawon yatsa ba, da rigar sanyi, da shawul na naɗe jariri in za a fito da shi ranar suna. A 'yan shekarun nan kuma an ƙara da wani abu, wato 'yar giwa ko ɗan zomo da aka saƙa da ulu aka cusa wa auduga don yaro ya yi wasa. Galibin mutane sun ɗauka Turawa ne suka ƙago wannan sana'a tun daga tushe. Gaskiya ne ta hannunsu ta iso mana, amma ba su ne mafarinta ba. Ga yadda abin yake.

Da farko sai mu rarrabe saƙa da saƙa. Wadda kakanninmu suka gada ita ce ta masaƙa: a ja zare a miƙe, a riƙa jefa ƙoshiya da abawa tana gitta shi har ƙyalle ya fito. Irin wannan ƙyalle yana da ƙwari, amma ba ya buɗewa, sai an yanka an ɗinka kafin ya zama riga. Ta kibiya kuwa zare ɗaya ne tak. A yi zarge, a zaro wani ta cikinsa, a zaro wani ta cikin wancan, layi bisa layi. Shi ya sa abin da aka saƙa da kibiya yake buɗewa ya koma, ya bi ƙafa ko kai ya kama daidai. Shi ya sa kuma in an ja bakin zaren, aikin wata guda sai ya warware kafin a tafasa ruwa. Ku riƙe halayen nan biyu, buɗewa da warwarewa, don a kansu labarin ya rataya.

Ƙafa ce ta fara neman wannan saƙa, domin ita ce gaɓar da ƙyallen masaƙa ya kasa yi wa sutura mai kama jiki. Ƙasar Masar busasshiya ce, yashinta ba ya ruɓar da tufa, saboda haka a can masu haƙo kayan tarihi suka tono safa tun ta zamanin da Rumawa ke mulkin ƙasar, wajen shekara ta 300 zuwa 400 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). An raba babban yatsa da sauran, don a sa ta da takalmi mai hanci. Akwai wata ta ƙaramin yaro, ta ƙafar hagu, mai ratsi-ratsin launi, tana ajiye a gidan tarihin British Museum a Landan. Sai dai wannan da allura ɗaya aka yi ta, ana ɗinka zarge cikin zarge da guntayen zare, aiki ne mai cin rai kuma ba ya warwarewa. Kakar saƙar kibiya ce, ba ita kanta ba.

Ainihin ta kibiya mafi tsufa da aka samu, ita ma a Masar ɗin take, amma a zamanin Musulunci, tsakanin shekara ta 1000 da 1300. Safa ce ta auduga, fari da shuɗi, da zane mai kyan tsari, wasu har da haruffan Larabci a jiki. Wanda ya dubi yadda aka juya dunduniya da yadda aka sarrafa launi biyu a layi ɗaya ya san ba aikin ɗan koyo ba ne. Sana'ar ta riga ta daɗe a hannun mutane kafin a kai ga haka.

Daga nan ta haye teku zuwa Andalus. A birnin Burgos na ƙasar Sifen akwai kabarin wani ɗan sarki Kirista, Fernando de la Cerda, wanda ya rasu a 1275. Da aka buɗe shi sai ga matashin kai da aka saƙa da siliki, saƙa mai laushi ƙwarai, zarge kusan 20 a inci guda, an zana tambarin gidan sarauta, an kuma rubuta «baraka» da rubutun Kufi. Masana sun tafi a kan cewa masaƙa Musulmi ne suka yi wa fadar wannan aiki. Zuwa wajen 1400 abin ya shiga gidajen Turai sosai, har wani mai zane Bajamushe, Bertram, ya zana Nana Maryam zaune tana saƙa 'yar riga da kibiya huɗu. Ba tarihin zamaninta ya zana ba, abin da ya saba gani a hannun matan garinsu ya ɗora mata. Amma zanen ya zama shaida cewa tun a lokacin uwa takan saƙa wa ɗanta riga.

Duk da haka, kuɗin sana'ar a hannun maza yake. A biranen Faransa da Jamus masu saƙar hula da safa suna da ƙungiyoyinsu, yaro yakan yi shekaru a ƙarƙashin maigida kafin a yarda ya buɗe rumfa. A Ingila har doka aka yi a 1571: duk namijin da ya haura shekara shida, in ba mai sarauta ko babban mutum ba ne, dole ya sa hular ulu saƙar ƙasar ranar Lahadi da ranakun biki, in ya ƙi a ci shi tarar sule uku da kwabo huɗu. An yi haka ne don kada masu saƙa su rasa abinci.

Abin da dokar ke tsoro kuwa ta wata ƙofa ya shigo. A 1589 wani mutumin Calverton, kusa da Nottingham, mai suna William Lee, ya ƙera injin saƙa safa. An ce Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta hana shi takardar mallakar abin da ya ƙera, don gudun kada talakawanta masu saƙar hannu su koma bara. Ya kwashe injinansa ya tafi Faransa, can ya mutu bai ci moriyarsu ba. Amma inji ba ya mutuwa da mai shi. Sannu a hankali ya cinye kasuwar safa, ya cinye ta hula, ya bi da ta riguna, maza suka ajiye kibiya suka shiga masana'anta. Abin da ya rage a hannu shi ne wanda ba don kasuwa ake yinsa ba: safar miji da ya tafi yaƙi, da kayan jaririn da ake jira. A ganina nan ne saƙa ta sami mazauninta na gaskiya. Jariri ba shi da awo tsayayye, kansa na yau ba shi ne na makon gobe ba, ga shi yana saurin rasa ɗumin jiki, musamman ta kai. Tufar da ke buɗewa ta bi girmansa, ba ta da kaushin ɗinki, kuma iskar da ke maƙalewa tsakanin zarge da zarge tana riƙe ɗumi, ita ce ta dace da shi.

To, 'yan dabbobin fa? Su nasu asalin daban ne, kuma da ɗinki suka fara, ba da saƙa ba.

A wani ƙaramin gari na Jamus, Giengen, an haifi wata yarinya a 1847, sunanta Margarete Steiff. Tana da wajen shekara ɗaya da rabi shan inna ya kama ta, ƙafafu suka mutu, hannun dama ya raunana, ta rayu a keken guragu har ƙarshen ranta. Ba ta zauna jiran sadaka ba. Ta koyi ɗinki, da ta sami keken ɗinki kuma ta ga hannun damanta ba zai iya juya shi ba, sai ta juya keken baya ya koma gaba, ta riƙa murzawa da hagu. A 1877 ta buɗe shagon tufafi na wani irin yadi da ake yi da gashin tumaki, dannewa ake yi ba saƙawa ba. A ƙarshen 1879 ta ga zanen wata 'yar giwa a mujallar ɗinki, an yi ta ne don mata su riƙa soka allura. Ta ɗinka wasu ta rarraba wa 'yan uwa. Iyaye mata ba su sami damar soka ko allura ɗaya ba, yara suka ɗauke, domin galibin kayan wasan zamanin na katako ne da ƙarfe da tangaran, ba abin da yaro zai runguma ya kwanta da shi. Ɗan'uwanta Fritz ya kai wasu kasuwar Heidenheim suka ƙare. Daga giwa aka koma biri, da jaki, da raƙumi, da zomo.

Sai maganar beyar, wata dabbar dawa mai yawan gashi da ƙarfi wadda babu ita a ƙasashenmu. A 1902 ɗan ɗan'uwan Margarete, Richard, wanda ya saba zuwa gidan dabbobi a Stuttgart yana zana su, ya tsara beyar mai hannu da ƙafa masu motsi. A kasuwar baje koli ta Leipzig a 1903 wani ɗan kasuwa daga Amurka ya yi odar guda 3,000. Ya kuwa zo a kan gaɓa, don a can Amurka wani abu ya riga ya faru. A watan Nuwamba na 1902 Shugaba Theodore Roosevelt ya je farautar beyar a jihar Mississippi bai sami komai ba. Jagoran farautar, Holt Collier, Baƙar fata da aka haifa cikin bauta kuma shahararren mafarauci, ya rutsa wata, aka ɗaure ta a bishiya aka kira shugaba ya harbe. Ya ƙi, ya ce wannan ba farauta ba ce. Dabbar dai ba ta tsira ba, don ta ji rauni sosai, shi da kansa ya ce a ƙarasa ta. Masu ba da labarin sukan tsallake nan. Wani mai zanen jarida, Clifford Berryman, ya zana abin a Washington Post, labari ya bazu. Wasu miji da mata masu shagon alewa a Brooklyn, Morris da Rose Michtom, suka ɗinka 'yar beyar suka sa a tagar shago da laƙabin shugaban, Teddy. Sunan da ya bi ta ke nan har yau. A 1907 kaɗai masana'antar Margarete ta fitar da beyar 974,000. Ita kuwa Margarete ta rasu bayan shekara biyu.

Waɗannan duka na saye ne, kuma ba kowane gida ke da kuɗinsu ba. Abin da ya haɗa 'yan dabbobin da kibiya shi ne rashi. Tun kafin yaƙi mujallun mata sukan buga yadda ake saƙa su, amma a Yaƙin Duniya na Biyu abin ya zama dole. Daga 1941 a Ingila ba a sayen tufa ko ulu sai da takardar rabo, masana'antun kayan wasa kuma an juya su ga aikin yaƙi. Nan halin nan na biyu, wato warwarewa, ya yi rana. Uwa ta ɗauko tsohuwar suwaitar miji wadda gwiwar hannu ta huje, ta warware, ta wanke zaren ya miƙe, ta saƙa wa babban yaro riga. Ragowar ta zama hular ƙarami. Guntayen da ba su isa komai ba su zama ɗan kare ko zomo, a cusa masa tsummoki. Daga baya Japanawa suka ɗauki abin da kwarashi, suna yin 'yan dabbobi masu babban kai da ƙaramin jiki, suna ce musu amigurumi, intanet ta yaɗa su duniya bayan shekara ta 2000. A Danmak kuma tun 2013 mata ke saƙa wa jarirai bakwaini 'yar siffar wata dabbar teku mai hannuwa da yawa a murɗe, don jariri ya damƙe su maimakon ya fizge robar da aka sa masa a hanci.

Mu nan ba mu gaji saƙar ulu ba, dalili kuwa a fili yake: tumakinmu, Balami da Uda da 'Yankasa, gashi gare su ba ulu ba, sanyinmu kuma na 'yan watanni ne. 'Yar tsanarmu ta kara ce da tsumma. Kibiya da kwarashi sun shigo ne ta makarantun 'yan mata na zamanin Turawa da hannun matan mishan, daga baya cibiyoyin koyar da mata sana'a suka yaɗa su. Suka kuwa karɓu, don aiki ne da mace za ta yi a tsakar gida, tukunya na kan wuta, goyo na baya. Abin da muke kira ulu a kasuwa yau galibinsa bai taɓa jikin tunkiya ba, zaren roba ne da ake yi da sinadaran man fetur, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fara fitarwa kasuwa wajen 1950. Yana da araha, yana jure wanki, amma in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Wannan abin lura ne ƙwarai a ɗakin mai jego, inda kaskon gawayi ba ya rabuwa da gefen gado. Haka nan mai saƙar da ta san aikinta ba ta sa wa zomon jariri idon maɓalli ko na dutsen ado, da baƙin zare take ɗinka shi, don abin da yaro ya cizge bakinsa zai kai. Likitocin yara kuma suna cewa kada a bar irin waɗannan a shimfiɗar barcin jariri sai ya cika shekara.

Abu ɗaya ne injin William Lee da jikokinsa suka kasa ƙwacewa. Saƙar kibiya inji yana yinta, har a gidajenmu akwai na hannu da mata ke ja hagu da dama. Amma ainihin saƙar kwarashi har yau masana'antu ba su da injin da ke yinta. Saboda haka duk 'yar giwar kwarashi da aka gani a shago, ko daga wace ƙasa aka kawo ta, wani mutum ne ya zauna ya yi ta zarge ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yadda ake taya irin wannan aiki a wurinmu: a auna shi da kayan gwanjo, a biya mace abin da da ƙyar zai mayar mata da kuɗin ulu, kwanakin da ta yi tana ƙirga zarge kuwa ba wanda ya sa su a lissafi.